Wane tsohon saitin fiyano zan fara da shi?

Ladi: Barkanku da yamma 'yan zaure. Fiyanona na lantarki ne, na kamfanin Kawai, kuma na ga jerin saiti, wato hanyoyin daidaita tazarar sautuka, a cikinsa: Meantone, Werckmeister, Kirnberger. Kiɗan Bach nake koyo. Da wanne zan fara?

Malam Bitrus: Barka kadai 'yata. Ki fara da Werckmeister, wanda Andreas Werckmeister ya wallafa a Jamus a 1691. Saitin zamani yana raba tsakanin C da C ta sama kashi 12 daidai wa daida, shi ya sa duk ki ɗin (key, wato sautin da kiɗa ya ɗauka a matsayin gidansa) da kika shiga ɗanɗanonsa ɗaya ne. Na Werckmeister kuwa, C da F sukan fito lumui, F# da C# su fito da kaifi da ɗan zafi. Ki ɗauko littafin Bach na 1722 mai zagaya ki 24, ki kaɗa na farko a C, sannan ki tsallaka zuwa na C#. Idan kiɗa ya yi nisa da gida, kunne zai ji nisan, idan ya dawo kuma a ji an sauke kaya. Abin da saitin zamani ya shafe ke nan, kuma ni dai yana damuna.

Sani: Anti Ladi, kafin nan ki danna C da E tare ki riƙe. Tazararsu tsantsa sent (ma'aunin tazarar sauti) 386 ce, a saitin zamani 400, a Werckmeister 390. Karkarwar da kika saba ji za ta ragu sosai.

Hajiya Rabi: Malam, a yi min uzuri, Bach bai fayyace saitinsa a rubuce ba, kada Ladi ta ɗauka Werckmeister ne nasa tilas. Ta gwada Kirnberger ma, ai ɗalibinsa ne. Meantone kuwa ki ajiye wa kiɗan William Byrd da Frescobaldi. C da E a can kamar zuma suke, wallahi. Sai dai ki kiyayi G# da Eb, tazararsu ta kai sent 737 maimakon 702 na tsantsa, sai kuka take yi. Makaɗan wancan zamani kauce mata suke yi.

Malam Bitrus: Gaskiyarki Hajiya. Mozart da Haydn kuma saitin Vallotti nake sa musu. Idan babu shi a fiyanon, manhajar Pianoteq tana karɓar fayilolin Scala, wato fayilolin da ke ɗauke da saiti.

Ladi: Na gode ƙwarai. To Debussy fa?

Hajiya Rabi: Shi kam ki koma saitin zamani, kiɗansa na son tazarar da ta daidaita. Haka ma idan za ki yi kiɗa da mai jita, don ita a kan na zamani aka ƙera ta.

Sani: Ki duba kuma inda ake zaɓar ki ɗin saitin, ki bar shi a C, in ba haka ba lumui ɗin zai koma wani wuri.