Rawani ake tuɓewa ko jini? Muhawara kan hukuncin Sarki Charles ga ƙanensa

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 30 ga Oktoba, 2025, da Fadar Buckingham ta sanar cewa Sarki Charles na Ingila ya fara raba ƙanensa Andrew da dukkan muƙamansa, maganar take ci mini tuwo a ƙwarya. An ce daga yanzu shi ba Yarima ba ne, ba za a ƙara ce masa Mai Martaba ba, sunansa Andrew Mountbatten Windsor kawai, kuma zai tashi daga gidan Royal Lodge da ke Windsor ya koma Sandringham. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: hulɗarsa da Jeffrey Epstein, attajirin nan na Amurka da kotu ta samu da laifin lalata da ƙananan yara, da kuma zargin lalata da Virginia Giuffre ta yi masa, wanda shi yake musantawa. Ni ba kare shi na zo yi ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, babu sarkin da yake da ikon cewa ɗan sarki ba ɗan sarki ba ne. Sarauniya Elizabeth ta haife shi a 1960 tana kan gadon mulki. Wa zai goge wannan? Hukuncin a takarda kawai yake.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. A takarda kawai? Mutumin da aka fitar daga gidan da ya shekara ashirin a ciki, aka karɓe lambobin girmansa? Ka tambaye shi ko takarda kawai ya gani.

Barista Nura: Allah gafarta Malam, ina ganin fassara ce ta rikita mu. Mu a Hausa idan muka ce "ɗan sarki" asali muke faɗa, kamar yadda za a ce ɗan malam ko ɗan maƙeri. Wannan kam gaskiyarka, ba mai cire shi. Amma kalmar da muke fassarawa da Yarima a Ingila, a dokarsu muƙami ne da mai mulki ke bayarwa ta takardar umarni mai hatimi. A 1917 Sarki George na Biyar ya fitar da irin wannan takarda ya ƙayyade waɗanda za su amsa sunan: 'ya'yan sarki, 'ya'yan 'ya'yansa maza, sai babban ɗa na babban ɗan Yarima mai jiran gado. Kafin nan an fi haka yalwatawa, shi ya tsuke. Shi ya sa Peter da Zara, 'ya'yan Gimbiya Anne, 'yar Sarauniya Elizabeth, jikokin Sarauniya ne na cikinta amma ba su taɓa zama Yarima ko Gimbiya ba, don ta wajen mace suka fito. A 2012 kuma Sarauniya ta sake wata takardar don dukkan 'ya'yan William, babban ɗan Charles, su samu, ba babban ɗansa kaɗai ba. To abin da takarda ta faɗaɗa, takarda ta tsuke, me zai hana takarda ta cire? Ya fi kama da Ciroma ko Wambai a wajenmu, naɗi ne, sai dai su naɗin nasu yana zuwa ne tun ranar haihuwa.

Malam Sabo: Na ji ka, Barista. To amsa mini wannan: a jerin magadan sarautar, na nawa ne?

Barista Nura: Na takwas. William, 'ya'yansa uku, Harry, 'ya'yansa biyu, sai shi.

Malam Sabo: Ka ga maganata ke nan. An cire suna an bar gado. Idan har Sarki yana da ikon da kuke faɗa, me ya hana shi cire shi daga layin? Ko nan gida mun gani. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar gadon mulki a 1963 aka kai shi Azare, amma gidansa bai fita daga sarauta ba. Ɗansa ya riƙe Ciroman Kano, jikansa ya zama Sarki a 2014. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ummi: Baba Sabo, don Allah a yi mini haƙuri in sa baki a maganar manya. Akwai masarautar da take yankewa ɗin fa. A Japan dokar gidan sarauta ta 1947 ta ce gimbiyar da ta auri wanda ba ɗan gidan ba ta fita daga gidan gaba ɗaya. Gimbiya Mako, 'yar ƙanen Sarki Naruhito, ta yi aure a Oktoban 2021, a ranar ta zama kamar kowace 'yar ƙasa, ta ɗauki sunan dangin mijinta. Ba laifin da ta yi, aure kawai. Kafin ita, ƙanwar Sarkin, Sayako, haka ta fita a 2005. A shekarar 1947 ɗin ma rassa goma sha ɗaya aka cire daga gidan lokaci guda, mutum 51. Duk jinin sarauta ne. Ni abin da yake ba ni takaici shi ne, namiji sai an yi shekaru ana kai ruwa rana kafin a taɓa sunansa, mace kuwa ɗaurin aure ya ishe ta.

Hajiya Rabi: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ko a Ingilan ai haka ne. Diana ta rasa Mai Martaba a 1996 da aka kammala rabuwar aurenta, ita da ta haifi mai jiran gado. Ba a yi shekara shida ana shawara ba.

Alhaji Tanko: Ni ta wata ƙofar zan shigo, kuma na san ba zai yi wa Hajiya daɗi ba. Ko Sarki yana da iko ko ba shi da shi, tambayata ita ce, wace kotu ce ta samu mutumin nan da laifi? Ƙarar da Giuffre ta shigar a kansa a New York an sasanta ta a Fabrairun 2022 ba tare da ya amsa laifi ba. Sanarwar fadar da kanta ta ce yana ci gaba da musantawa. Ni tsoron da nake ji shi ne a buɗe ƙofar da jaridu za su zama alƙalai. Ku duba Sifaniya. Sarki Felipe ya karɓe wa 'yar'uwarsa Cristina sarautar Palma a Yunin 2015 saboda shari'ar kuɗin da ta shafi mijinta. A 2017 kotu ta wanke ta daga laifin, mijin ne aka ɗaure. An mayar mata da sarautar? Ba a mayar ba. Duk wanda ya zauna kusa da fada, kowace fada ce a duniya, ya san yadda magauta ke kitsa wa mutum zance har a warware masa rawani, gaskiya ta fito bayan an gama ɓarna.

Hajiya Rabi: Alhaji, ai ba ɗaure shi aka yi ba. Ɗauri ne yake buƙatar alƙali. Girmamawa aka janye, ita kuwa girmamawa ba bashi ba ce da ake bin jama'a. Abin da ba ya musantawa ma ya isa. Epstein ya amsa laifi a 2008, ya yi zaman gidan yari, amma a Disambar 2010 aka ɗauki hoton Andrew tare da shi a New York, a gidan Epstein ɗin ma ya sauka. Da aka ba shi dama a hirar BBC ta Nuwamban 2019 ya nuna nadama, bai nuna tausayin 'yan matan da aka cuta ba, har sai da ya ajiye ayyukan fada cikin 'yan kwanaki. Ni uwa ce. Idan na tuna shekarun yaran nan, raina ɓaci yake yi da jin ana muhawarar ko za a ci gaba da rusuna wa wanda ya ci gaba da abota da mai cutar da su. Gidan sarauta ba shi da soja na kansa, ba shi da ƙuri'a, mutuncin da jama'a ke gani ne jarinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Alhaji Tanko: Ban raina zafin da kike ji ba, Hajiya, wallahi ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma a rubuta ƙa'ida. A ce ga abin da in ɗan gida ya yi za a ladabtar da shi, ga wanda zai saurare shi, ga inda zai kai kuka. Abin da muka gani shi ne a 2019 an ce ya ja baya, a Janairun 2022 an karɓe muƙaman soja, ranar 17 ga Oktoba, 2025 ya ce ya daina amfani da sarautarsa ta Duke na York, bayan kwana goma sha uku aka ce an cire komai. Duk lokacin da surutu ya yi yawa sai a yanko wani abu a jefa wa mutane. Wannan kare kai ne, ban ga tsari a ciki ba.

Barista Nura: A nan ina tare da Alhaji, kuma ta nan ne maganar Malam Sabo take da ƙarfi fiye da yadda na fara ba ta. Ingila ba ta da kundi guda na ladabtar da 'yan gidan sarauta. Ikon a rarrabe yake. Suna da lambar girma na hannun Sarki. Gado kuwa na hannun majalisar dokoki tun dokar 1701, wadda ta keɓe sarautar ga zuriyar Sophia ta Hanover kuma ta hana 'yan ɗariƙar Katolika. Ita ma sarautar Duke, abin da aka yi shi ne goge sunansa daga kundin masu riƙe da irin wannan sarauta, amma kashe ta gaba ɗaya sai da dokar majalisa. An taɓa yi: dokar 1917, wadda da ita aka tuɓe Duke na Albany a 1919, jikan Sarauniya Victoria ne, saboda ya tsaya wa Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Batun gado ya fi wannan wuya, domin Charles sarkin ƙasashe goma sha biyar ne, har da Kanada da Ostireliya da Jamaika, kuma al'adar da aka rubuta tun 1931 ita ce sai sun yarda tare. Gyaran da ya daidaita mace da namiji a gado ƙasashen sun amince da shi a birnin Perth na Ostireliya a 2011, majalisa ta yi dokar a 2013, bai fara aiki ba sai 2015.

Amma Malam, ka lura da abin da wannan ke nufi. Ana iya cire mutum daga gadon, wanda zai cire ɗin ne ba Sarki ba. Yarima Michael na Kent, ɗan baffan Sarauniya Elizabeth, ya fita daga layin a 1978 don ya auri 'yar Katolika, sai 2015 ya dawo da aka sauya dokar. Edward na Takwas kuwa, da ya sauka a Disambar 1936 don ya auri Wallis Simpson, dokar da majalisa ta yi ta cire shi ta cire duk wanda zai haifa. Jini bai hana ba.

Ummi: To Barista, 'ya'yansa mata fa, Beatrice da Eugenie?

Barista Nura: Suna nan da sunansu na Gimbiya, don takardar 1917 ta ba su a matsayin 'ya'yan ɗan Sarauniya, kuma ba a taɓa su ba.

Alhaji Tanko: Wannan ya yi daidai. Laifin uba ba ya hawa kan 'ya. Ba kamar Denmak ba, inda Sarauniya Margrethe ta cire wa jikokinta huɗu, 'ya'yan Yarima Joachim, sunan Yarima da Gimbiya daga farkon 2023, yaran ba su yi komai ba. Daga baya ta ba da haƙuri kan yadda abin ya taɓa su, amma ba ta janye ba.

Malam Sabo: Barista, na karɓi gyaranka a kan kalmar Yarima. Da ma kallon asali nake yi mata, ashe a wajensu naɗi ce. Batun Edward kuma ban san dokar ta haɗa da zuriyarsa ba, na gode. Amma ka duba shi Edward ɗin. Ya watsar da sarautar da hannunsa, duk da haka ƙanensa George na Shida ya naɗa shi Duke na Windsor, ya bar masa Mai Martaba, matar ce kawai aka hana. Da ya rasu a 1972 a Faransa, gawarsa gida aka kawo, aka binne shi a maƙabartar gidan sarauta ta Frogmore cikin danginsa. Shi ma Andrew ina aka ce ya koma? Sandringham, gandun da yake mallakin Sarki na kansa, kuma an ce wan nasa ne zai ɗauki nauyinsa daga aljihunsa. An kore shi daga fada, an mayar da shi gidan uwarsa.

Hajiya Rabi: Ya ciyar da ƙanensa da kuɗinsa, Malam, ba wanda ya hana shi zumunci, ni ma da nawa ne ba zan bar shi a titi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na takwas ɗin nan. Tunda Barista ya ce majalisa tana da iko, kuma ta taɓa yi a 1936, to ta yi. Ƙasashe goma sha biyar ɗin a rubuta musu, ko shekara huɗu zai ɗauka kamar wancan gyaran.