Shin kalmar "catastrophic" ta keɓanta da halakar farat ɗaya?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jiya ina fassara wani rahoto da ya kira janyewar Tafkin Chadi "catastrophic", sai na tsaya da biro a hannu, domin a fahimtata wannan kalma ta Turanci ba ta dacewa sai da halakar da ta auku farat ɗaya, irin ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta mamaye unguwannin Maiduguri a watan Satumba na 2024. Tafkin da ya shafe shekaru yana ja da baya bai shiga wannan sahu ba.

Injiniya: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A fanninmu kina da gaskiya, domin idan muka ce "catastrophic failure" muna nufin gada ko inji ya lalace lokaci guda, ba tare da sauran gyara ba. Tsagar da ke faɗaɗa a jikin bango ba ta samun wannan suna sai ranar da bangon ya kife.

Malamin Turanci: Injiniya, kifewar nan da ka ambata ita ce tushen kalmar, domin daga Girkanci ta fito, inda "kata" ke nufin ƙasa, "strephein" kuma juyawa, har ma a da ana kiran juyin ƙarshe na wasan kwaikwayo da ita. Sai dai, Hajiya, masu harshen Turanci sun faɗaɗa ta. Ma'aunin yunwa na IPC, wanda hukumomin agaji na duniya ke amfani da shi, yana da matakai 5, na ƙarshensu sunansa "Catastrophe", alhali kowa ya san yunwa ba ta zuwa dare ɗaya: rumbu ke ƙarewa, a sayar da akuya, sannan a koma cin abinci sau ɗaya a rana. A ganina girman ɓarna kalmar ke aunawa a yau. Idan saurin aukuwa kike nema, "cataclysmic" ta fi kusa, tunda asalinta ambaliya ce mai share komai.

Mai fassara: Malam, na karɓi misalin yunwa, ko da yake har yanzu kunnena yana jin ƙarar rushewa a cikin kalmar. Na rubuta "mummunan bala'i", saboda "bala'i" ba ta ɗaure kanta da sauri ko jinkiri ba.

Injiniya: Ga tafki ya yi, Hajiya, amma a rahoton gada ki ƙara "nan take", in ba haka ba injiniyan da ya karanta zai ɗauka akwai sauran lokacin gyara.