Wai masu kuɗinmu wane irin kallo suke yi wa talaka ne?

Direban_Gida:
Salam jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Ni direba ne a gidan wani alhaji, na kai shi ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha manya suka shiga falo cin abinci ni kuma ina tsaye bakin ƙofa riƙe da makulli ina jiran a ce mu tafi. Hira ta gangaro kan dubu 25 ɗin nan da gwamnatin Tinubu ta ce za ta ba gidaje miliyan 15 na tsawon wata uku bayan cire tallafin mai. Sai wani cikinsu ya ce asarar kuɗi ce kawai, wai talakan Arewa in ka ba shi kuɗi a hannu aure zai ƙara ko ya sayi waya, wani ya ɗora da cewa ai mutuwar zuciya ce ke damunsu ba rashi ba, aka kwashe da dariya. Abin da ya ɗaure min kai, wanda ya fara maganar na san gidansa, duk Juma'a ƙofarsa cike take da tsofaffi da makafi ana raba musu ɗari biyar-biyar, da azumi kuma kunu da ƙosai har a gama. To ya mutum zai bayar da hannunsa amma ya ƙi jinin a bayar ta hannun gwamnati? Tausayin talakan suke ji ko raina shi suke?

Malam_na_Tudu:
Wa alaikumus salam. Duka biyun ne ɗan'uwa, kuma ba sa karo da juna. Ka ga sadakar ƙofar gida tana da riba biyu, ga lada ga girma, tsohuwa ta durƙusa ta ce Allah ya ƙara arziki ranka ya daɗe, mutanen unguwa suna kallo. Amma in kuɗi ya faɗo ta waya daga asusun gwamnati wa za a durƙusa wa? Ya zama haƙƙi kenan, shi kuwa mai haƙƙi ba ya godiya, tambaya yake yi in bai gani ba. Wannan ita ce rigimar da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka ɗauko tun 1950, a daina ɗaukar talaka abin tausayi a ɗauke shi mai ƙasa.

Sai dai in za a yi adalci masu kuɗin ma sun ga jiya, sun ga shirye-shiryen gwamnati na tallafa wa talaka kala-kala. Better Life ta Maryam Babangida a 1987, Family Support ta Maryam Abacha, NAPEP zamanin Obasanjo a 2001 wadda yau sunan keke kawai ya rage mana, SURE-P ta Jonathan, sai N-Power da TraderMoni na Buhari. Kowace gwamnati da nata sunan, amma a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da yawa kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Yar_Gidan_Liman:
Malam bari in shigo nan don ni na taɓa aikin rajistar nan ta marasa galihu a wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi sunanta ba. Tsarin a takarda mai kyau ne, a tara mutanen gari, maza daban mata daban matasa daban, su da kansu su faɗi su waye suka fi kowa talauci a cikinsu. Muna isa wani ƙauye sai ga wani babba a garin ya riga mu da takardarsa a aljihu, sunaye reras, da muka bi diddigi har da matar ƙaninsa mai injin markaɗe. Na ce baba ai ba haka aka ce mu yi ba, ya dube ni ya ce 'yata ke baƙuwa ce, waɗancan da kike nema ko kin ba su ba su san yadda za su yi da shi ba.

Waɗancan ɗin kuwa ko wurin taron ba su zo ba. Wata mata sai da muka bi ta har gida, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ɗaki ɗaya rufin ya zube gefe guda an tokare da itace, ta ce mana zaninta ɗaya ne kuma ta wanke shi bai bushe ba shi ya sa ba ta fito ba. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ita ba katin ɗan ƙasa ba asusun banki ba waya, wato duk abin da ake tambaya kafin a taimake ka ita ba ta da shi.

Batun ƙarin aure kuma dariya ya ba ni, dubu 5 ne fa a wata lokacin Buhari, ana haɗa na wata biyu a ba da dubu 10, kuma mata ake miƙa wa. Wane aure? Waɗanda na gani adashi suka shiga, wata ta sayi 'yar akuya, wata gyaɗar ƙuli-ƙuli, wasu kuma hatsi suka auna suka ci don yunwa ba ta jiran jari.

Dan_Dawanau:
Ni fa ban yarda a zauna ana zagin masu hali ba. Mahaifina ɗan kasuwa ne, mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa ban san adadinsu ba, kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, kayan ɗakin marayu, ba wanda ya sa shi a jarida. Me zai sa ya yarda da shirin gwamnati? A 2020 kowa ya ga rumbunan da aka fasa cike da kayan tallafin korona an ƙi rabawa, a Janairun 2024 an dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan batun kuɗin ma'aikatar. Kuma gaskiya ɗaya ce, akwai waɗanda suka mai da bara sana'a, mun taɓa ba wani jari har sau biyu bayan wata uku muka gan shi a danja yana miƙa hannu.

Yar_Gidan_Liman:
Yayana Allah ya saka wa Baba da alheri, ba wanda ya ce bai yi ba. Amma waɗanda yake taimako waɗanda suka san hanyar gidansa ne, mai zani ɗaya wa zai kai ta? Kuma mutum ɗaya ya cinye jari sai a yanke wa miliyoyi hukunci, ai manyan da suka cinye bashin banki ba a ce duk masu kuɗi malalata ba ne.

Bamaradiya:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu ma nan akwai shirin da aka riƙa ba mata jaka goma, wato CFA dubu 10, a wata, kuma irin wannan maganar muka sha ji, wai za a koya musu zaman banza. Abin da na lura manyanmu ba talaucin ke damunsu ba, ganinsa a fili ne. A 2022 da aka nuna 'yan Nijar suna bara a titunan Dakar nan da nan aka tura jirgi aka kwaso su, da yawa mutanen yankin Damagaram ne, kowa na faɗin sun zubar da mutuncin ƙasa. Da suna ƙauye suna kwana da yunwa ba wanda ya ji kunya.

Direban_Gida:
Na gode muku duka. Dan_Dawanau ban musa maka ba, nawa uban gidan ma da matata ta haihu shi ya sayi ragon suna. Amma albashina na nan inda yake tun kafin litar mai ta tashi, da na yi masa maganar an mai da mafi ƙarancin albashi dubu 70 sai ya ce wannan na ma'aikatan gwamnati ne, in ina da matsala in zo in faɗa masa ya taimaka min. Bari in tashi, lokacin ɗauko yara daga makaranta ya yi.