An sallamo Baba bayan shanyewar ɓarin jiki, wa zai riƙa duba shi a gida?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum. An sallamo mahaifinmu daga asibiti, ɓarin damansa ya shanye, ko juyawa ba ya iyawa, kuma sai bayan wata guda za mu koma ganin likita. A nan Gombe akwai ma'aikatan lafiya masu zuwa gida? Mu kuma me za mu kiyaye?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗauki takardar sallama da kwalayen maganinsa ka je ƙaramin asibitin mazaɓarku. Mazaɓu 114 ne a jihar, kowacce da nata. Ka ga shugaban asibitin ya haɗa ka da CHEW, wato ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, don ziyarar gidaje na cikin aikinsu, sai dai hannu ya yi kaɗan, in ba ka je ka nema ba babu mai zuwa. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta awon hawan jini, a riƙa rubutawa a littafi don likita ya gani. Ka tambaya ko za a iya yi masa rajistar GoHealth, wato shirin inshorar lafiya na jihar Gombe.

Abin da na fi tsoro gyambon kwanciya ne. A juya shi duk bayan awa 2, har da dare. Kullum a duba ƙugu, gindin baya, dugadugai da kafaɗa. A fatarmu ba lallai ka ga ja ba, wurin kan yi duhu ne ko tauri ko ɗumi, to ciwo ya fara daga ciki. Filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su bar katifa. Leda kada ta taɓa fata, a shimfiɗa zani a kanta, ya jiƙe a canza.

Malam Fiziyo: Ɗan'uwa, kada kowa ya ja shanyayyen hannun wajen tayar da shi. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ja ɗaya sai gaɓar ta zame, ya samu ciwon da zai hana shi motsa jiki. A tallafo shi ta bayan kafaɗa da ƙugu. Sau 2 a rana a lanƙwasa a miƙe kowace gaɓa sau 10, a hankali, ya ji zafi a tsaya. Gashi da ruwan zafi ko ajiye kaskon wuta kusa da shi lokacin hunturu, a bari. Ɓangaren ba ya ji sosai, sai ya ƙone ba a sani ba.

Anti Nas: Na manta ciyarwa. A zaunar da shi miƙe, cokali kaɗan-kaɗan, ya ƙara minti 30 a zaune bayan ya gama. Ruwa tsinkakke ya fi sarƙe masu irin wannan ciwon, kunu mai kauri ya fi sauƙin haɗiya. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai kurkure, alama ce abinci na bin hanyar huhu.

Abu Kemis: Maganin hawan jini ba a dainawa don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyan. Gishirin yini duka kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa na cikin lissafin. In awo ya kai 180/120, ko baki ya sake karkacewa, ko zazzaɓi ya zo da haki, wannan ya wuce asibitin unguwa. Ku wuce babban asibiti ko da tsakar dare ne.