Neman shawara: in sayi na'urar sa ido kan inji ko in dakata?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da injin casar shinkafa a hanyar Dadin Kowa, nan Gombe. Damuwata ita ce ba ma sanin inji na da matsala sai ya tsaya cak, kuma ba ya tashi tsayawa sai da kaka, lokacin da buhunan mutane suka cika fili. Yau boris ya watse, gobe koyil ya ƙone. An kawo min tallar wasu na'urori da ake liƙawa a jikin inji, suna auna zafi da girgiza suna turo sakamakon a waya. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Don Allah masana, sun dace da ƙaramin wuri irin nawa?

Injiniya daga Bauchi: Wa alaikumus salam Alhaji. Suna aiki, amma lamba kawai za su ba ka. In ba ka san lambar da injinka ke nunawa yana lafiya ba, ta yaya za ka gane ya fara ciwo? Ka fara da littafi. Ka sayi bindigar auna zafi ta masu aikin inji (ba ta goshi ba) da mitar auna amfiya, wato yawan wutar da inji ke ja. Kullum bayan inji ya yi awa ɗaya yana aiki, a auna zafin gidan kowane boris a wuri ɗaya, a auna amfiyar layukan wuta uku da ke shiga injin, a rubuta har da awannin aiki da ranar da aka sa giris. In layi ɗaya ya yi nisa da sauran biyun, koyil na cikin haɗari. Ƙa'idar da muke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na Salshiyas sama da zafin da aka tsara wa koyil, rayuwarsa na raguwa da kusan rabi.

Oga Makaniki: Injiniya, ban da abu ɗaya. Boris yana fara girgiza tun kafin ya yi zafi. Sanda bindigarka za ta nuna, ƙila kwanaki suka rage masa. Ni dai ina ganin Alhaji ya sa na'urar girgiza a inji ɗaya tak, wanda in ya tsaya kowa ya tsaya. Sannan a ja wa yara kunne kan giris, in ya yi yawa shi ma zafi yake kawowa.

Maman Hanifa: Alhaji, ka tambayi mai tallar ko akwai kuɗin wata-wata, kuma da naira ne ko dala. Ka tambaye shi ko na'urar na jure ƙurar ƙaiƙayi da hazon hunturu, da abin da take yi in intanet ta ɗauke. Ka kuma lissafa asarar yini ɗaya in inji ya tsaya da kaka, ka gwada da farashin.

Baban Khalifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya, wata nawa zan yi ina rubutun kafin ya amfane ni?

Injiniya daga Bauchi: Cikin makonni kaɗan za ka san lambobin injinka. Amma ka fara yanzu kafin girbi, ka damƙa littafin hannun mutum ɗaya, kai kuma ka riƙa dubawa duk Juma'a. Da ka ga zafin wani boris na hawa sati bayan sati, ka aika a sayo sabo, a canza shi ranar da babu aiki.