Kayan tsohuwa a gidan kula da tsofaffi: me za a bari a hannunta?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Za a kai Inna gidan kula da tsofaffi a nan Legas. Yaya ake yi kada kayanta su salwanta?

Hajiya Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ranar shiga ku rubuta komai a takarda biyu, kai da shugabar ma'aikata ku sa hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Ɗauki hoton kowane abu da waya. Gwal kuwa, a auna giram nawa ne, ya koma gida. Tsohuwa na ramewa, zobe sai ya sulluɓe cikin zanen gado, a tafi da shi wanki.

Malam Obalende: Gaskiya ne, Hajiya. Yawancin ɓatan ma ba sata ba ce. Haƙoran roba akan naɗe su a tishu bayan cin abinci, mai shara ya kwashe. Ku saya masu ƙaramin mazubi mai murfi da sunanta. Tufafi kuma a rubuta suna cikin wuyan riga da alƙalamin da ba ya wankuwa, don tare ake wanki.

Umman Yara: Katin ATM kada ya kwana can, ɗana. Kuɗin goro kaɗan ya isa.