Allurar Sin da hasken leza ga kare da kyanwa: abin da aka tattauna

Masu karnuka da kyanwa sun yi doguwar hira da likitocin dabbobi a kan haɗa maganin asibiti da wasu hanyoyin jinya. Abin da kusan kowa ya yarda da shi: a fara gano cutar tukuna. Kare mai ɗingishi sai an duba shi, in ta kama a ɗauki hoton ƙashi.

Tsira siraran allurai irin na Sinawa an fi yi wa tsofaffin karnuka masu amosanin gaɓɓai ko ciwon baya. Wasu sun ga sauƙi, wasu shiru, kuma likitocin sun ce binciken da ake da shi bai yi ƙarfi ba. Hasken leza kuwa, wato siririn haske da wata na'ura ke fitarwa, ana haska shi a kan rauni ko gaɓar da ta kumbura, na 'yan mintuna. Dole a rufe idon dabbar da na mai riƙe ta da tabarau, kuma ba a haska shi a kan kumburin ciwon daji.

A ganina shawarar da ta fi amfani ba ta da tsada: rage ƙibar kare, gaɓɓansa su huta. An kuma ja kunne kada a ba kyanwa farasitamol, domin yana kashe ta.